Akwatin Hotuna Daga Anka

Duk tsawon shekarun da na yi ina shugabantar sashen adana bayanan yankinmu a babban ɗakin karatu na jami'a, Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa gane ainihin aikina ba. In maƙwabta a Gummi suka tambaye ta, sai ta ce, "Tana can tana tsaron takardun gwamnati." Ban taɓa gyara mata ba, don ni ma da za a ce in faɗi aikin a taƙaice, sai na yi jim kafin in sami bakin zaren.

Sashen namu a saman bene yake, can ƙarshen baranda inda ɗalibai ba su cika zuwa ba. Abin da aka ɗora mana shi ne duk wani abu da aka rubuta ko aka ɗauka a hoto ko a kaset game da ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara, mu nemo shi, mu adana, mu tsara shi yadda mai bincike zai same shi ba tare da wahala ba. Akwai littattafan ajami da iyalan malamai suka ba mu ajiya, akwai rahotannin Turawan mulki da taswirorinsu, da kundayen ɗalibai, da tsofaffin jaridu da suka yi ja har suna karyewa in an buɗe su da garaje. Ni ce mai yanke shawarar abin da za a saya da abin da za a karɓa kyauta. Ni ce kuma mai ce wa mutum an gode, ya koma da abinsa, in abin bai dace da mu ba, kuma wannan ya fi komai yi mini nauyi.

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane na haƙo duwatsu masu zinari su kawo cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, garin dutsen ya bi ƙasar tsakar gida da kwanukan abinci. Ƙananan yara suka yi ta mutuwa kafin a san dalili. Bayan haka rahotanni suka yi ta shigo mana har suka cika kanta guda. Bagega, Duza, 'Yargalma, sunaye ne da nake ji tun ina yarinya a bakin masu zuwa cin kasuwar Gummi da gero da awaki. Yanzu in baƙo ya hau benenmu ya ambaci ɗaya daga cikinsu, na san kantar da zan kai shi tun bai gama magana ba.

Bayan wasu shekaru, wata ƙanwar mijina da ke koyarwa a Anka ta kira ni ta ce akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke nemana. Kirista ce 'yar Filato, ta daɗe a Anka har kowa Sista yake ce mata, kuma tana cikin waɗanda suka yi jinyar yaran a lokacin. Ta yi ritaya za ta koma gida, tana da wasu kaya da take son in gani.

Na same ta a ɗakinta na haya, komai a ɗaure, katifa a jingine da bango. Mace ce gajera mai ƙiba, gashinta ya yi fari a gaba. Hausarta ta Jos ce, amma zaman Anka ya sa mata "munka" da "sunka" a baki, tana faɗinsu ba ta ma sani ba. Ta ba ni kujera ɗaya da ta rage, ita ta zauna a kan buhun kaya, ta jawo wani ƙaramin akwatin ƙarfe ta buɗe.

Hotuna ne cike, an ɗaure su kashi-kashi da roba. Ta ce iyaye mata kan yi makonni a asibiti da yaransu ana ba su magani, zaman ya ishe su, ba gona ba daka. Ita kuma tana da ƙaramar kyamara. Wata rana wata ta ce a ɗauke ta da ɗanta, daga nan kowa ta ce ita ma. Takan tara ta kai Gusau a wanke, amma kafin ta dawo da su an sallami wasu, wasu kuma sun tafi da gawa.

"Malama," in ji ta, "in na kai su gida, 'ya'yana ba su san kowa a ciki ba. Ranar da na mutu za su zuba a shara, kuma ba laifinsu ba ne. Na kasa ƙonawa, na kasa tafiya da su."

Na tambaye ta ko matan sun san hotunan za su iya zuwa wani wuri.

"Ina za su sani? Ni kaina ban sani ba. Don su na ɗauka."

Ta ba ni har da memorin kyamarar a naɗe cikin takardar magani. A bayan yawancin hotunan ta rubuta sunan ƙauye da biro. Da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce in na ga wata da ta tuna da ita, in ce tana gaishe ta.

Shugaban ɗakin karatun namu mutumin kirki ne, dattijo mai son aikinsa, wanda ya sha fama da rufin da ke yoyo da na'urorin da suka tsufa. Da ya ga akwatin sai fuskarsa ta washe. A lokacin akwai wata gidauniya ta ƙasar waje da ke son ba mu tallafi don a ɗauki kayanmu da na'ura a sa a intanet, da sharaɗin duk abin da aka ɗauka a bar shi a buɗe ga kowa. Ya ce irin wannan suke nema, kuma ba wani ɗakin karatu da ke da shi sai mu.

Na kwashe hotunan na baza a kan babban teburin ofishina, na yi ta dubawa. Akwai waɗanda aka shirya musu, uwa ta gyara kallabi ta ɗora yaro a cinya tana kallon kyamara. Akwai kuma waɗanda Sista ta ɗauka haka kawai: mace tana yi wa ɗanta wanka kanta ba ɗankwali, wasu mata uku suna dariya a kan kwano ɗaya, yaro kwance idonsa ya juye an sa masa ƙarin ruwa. Na koma wurin shugaba na ce ina so in je in tambayi masu hotunan tukuna.

"Hajiya, mutum nawa za ki tambaya?" ya ce. "Wasu sun tashi, wasu sun rasu. Kuma ki duba, in ba a ɗauke su yanzu ba, zafi da gara za su cinye su a hannunmu. Wannan tarihi ne. Nan gaba wani zai ce ba a yi ba."

Na ce na yarda da duk abin da ya faɗa, amma matan nan suna da rai, kuma ba su fi tafiyar yini daga nan ba. Ya daɗe yana juya biro a hannu, sannan ya ce in ɗauki motar ofis da direba, amma kada in daɗe, don gidauniyar ba za ta jira mu har abada ba.

Mafi yawan hotunan na 'Yargalma ne, don haka da ita na fara. Na biya ta Gummi na sauka a gida. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, tsakar gidanmu duk ganyen kabewa ya rufe danga. Da safe bayan mun sha kunu na nuna wa Inna kaɗan daga ciki. Ta sa tabaronta tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na mai wankan nan sai ta kifa shi a tabarma.

"Wagga ba ta san ana ɗaukarta ba," ta ce.

Ta tambaye ni abin da zan je yi, na yi mata bayani. Ta cire tabaron ta ce, "Ke kaɗai za ki shiga gidajen mutane ki tada musu ciwon da yak kwanta? Ni ma za ni." Na ce hanya ba kyau, ga ciwon gwiwarta. Ba ta kula ni ba, ta aika aka sayo goro da sabulu, ta ɗauko mayafinta na zuwa gaisuwa.

Mun isa da hantsi, bayan mota ta kafe a laka sau ɗaya wasu manoma sun tura mu. Mai gari yana zaune a zaurensa. Da ya ga mota mai rubutu a jiki, tun kafin mu gama gaisawa ya ce, "Jini kunka zo ɗiba ko ƙasa?" Ba da faɗa ya faɗa ba, da gajiya ya faɗa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ko ɗaya. Kaya munka kawo na mutanenka." Na buɗe jaka na nuna masa. Ya ɗauki ɗaya ya kalla, ya mayar da sauri, ya ce wannan maganar mata ce. Ya sa aka kai mu gidan yayarsa, wata tsohuwa doguwa mai tsage a kumatu wadda duk garin Gwaggo suke ce mata, ya kuma aika a gaya wa matan da suka yi jinya a wancan lokaci su zo.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiya. Inna ta raba goro, ta yi wa kowa gaisuwar rashi kamar jiya aka yi, ko da yake shekaru sun wuce. Sai da aka natsu sannan na kwance robar na baza hotunan.

Da farko ba wadda ta taɓa. Can wata ta miƙa hannu ta ɗauki na matan nan uku masu dariya, ta ce, "Kai, diba yadda nir rame." Aka fashe da dariya, sai kowa ta matso. Aka yi ta miƙa wa juna, wannan ta wance ce, wannan ta yi aure a Nasarawa, wannan Allah ya yi mata rasuwa wajen haihuwa. Suka tambayi Sista, na isar da gaisuwarta, wata ta kwaikwayi yadda take cewa "sha magani, mama" aka sake dariya.

Ina cikin wannan na lura da wata mace siririya da ta ja gefe ta zauna a kan turmi da hoto ɗaya a hannu. Na je na tsuguna kusa da ita. Yaro ne ɗan kamar shekara biyu, sanye da riga mai zanen ƙwallo, yana riƙe da cokali.

"Ɗana na," ta ce. "Bai dawo gida ba. Ba ni da hotonai ko guda. Har na fara mance kamannin goshinai."

Na ce nata ne, ta riƙe. Ta tambaye ni ko sai ta biya. Na ce a'a. Ta kwance bakin zanenta za ta naɗe shi, sai Inna ta ce kada ya karye, ta zazzage goron da ya rage a cikin leda ta ba ta ledar.

Sannan na zo kan abin da ya kawo ni, wanda tun a mota nake ta juya yadda zan faɗe shi. Na ce wurin aikina yana so ya ajiye irin waɗannan hotuna don na baya su san abin da ya faru, kuma ana so a sa su inda duk mai waya a duniya zai iya gani. Ba sai na yi dogon bayani ba, 'ya'yansu na da wayoyi. Wata ta ce, "Har samarin da ke ramin zinari?" Na ce har su.

Wata mace mai jiki, da ta riƙe hoton yaron da aka sa wa ƙarin ruwa, ita ta fara magana. Ta ce ɗanta ne, ya rayu, yana makaranta a Bukkuyum. Karatun na yi masa wuya, abin da aka koya masa yau gobe ya zube, kuma yara sun riga sun laƙaba masa sunan cutar.

"In sunka ga wanga, ƙaƙa za shi yi da ransa? Ba ni so a aje shi ko'ina. Ba waya ba, ba ɗakinku ba. A ɓata shi."

Gwaggo ta ɗaga wani hoto. Jikarta ce, ta ce, kuma ta rasu. "Nawa a sa shi. A sa shi kowa shi gani. An kwashe muna ƙasar gidaje an zuba sabuwa, munka yi rantsuwa ba a ƙara niƙa dutse cikin gari. Yanzu ku saurara da kyau, ba ku jin inji bayan gari? Yaran da ba su ga abin ga ba, su ad da iyali yanzu."

Mai jikin ta ce, "Gwaggo, taki ta tafi. Nawa yana yawo cikin mutane."

Daga nan magana ta rabu. Wasu suka bi Gwaggo, wasu suka bi ɗayar, wasu suka ce sai sun tambayi mazansu. Na zo da tunanin zan koma da amsa ɗaya, e ko a'a, in kai wa shugaba. A kan tabarmar nan na gane ba garin zan tambaya ba, kowace mace zan tambaya a kan hotonta. Haka muka yi har la'asar. Kowace ta ɗauki nata, ta faɗi abin da take so, ni kuma in sa hoton a ambulan in rubuta da fensir a bayansa. Da yawa sun ce a ajiye amma a rufe, sai 'ya'yansu in sun girma sun zo nema. Kaɗan suka ce a buɗe. Uwar yaro mai cokali ta ce a ajiye mata wani a can, don ɗakinta na yoyo. Mai wankan nan ba a same ta ba, an ce sun tashi sun koma wajen Zuru.

Da na zo kan mai jikin, na miƙa mata hoton, na kuma gaya mata gaskiya cewa akwai irinsa a cikin memori, wanda za a iya sake wankewa. Ta dube ni ta ce, "To shi fa?" Aikina duka a kan hana abu ɓacewa aka gina shi. An koya mini yadda ake ceto takardar da ruwa ya jiƙa, da yadda ake raba shafukan da suka manne. Ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake share abu da gangan. Na ce mata zan goge shi. Ta ce, "Kin yi alkawari gaban Innarki." Na ce na yi.

Kafin mu tashi aka kawo mana fura. Inna da Gwaggo suka koma gefe suna hira, ashe Gwaggo ta san wata ƙanwar kakata da aka aurar a wannan yanki tun kafin a haife ni. Daga nan suka gangara zamanin da ake noman auduga ana kai ta kanti a kan jakuna, da yadda mata ke kaɗi da mazari a tsakar gida, da Fulanin da ke sauka a gonakinsu bayan girbi a ba su dawa su bar taki, da shekarar da gulbi ya cika ya raba su da kasuwa. Suna ta gardama a kan wane sarki ne a kan gado a lokacin. Na zauna ina ji, sai na tuna duk kantar nan tamu ba shafi ɗaya da ya ce an taɓa noman auduga a 'Yargalma. Na ciro rikoda daga jaka na ce, "Gwaggo, kin yarda in ɗauki wagga hira?" Ta ce, "Wagga? Mi ag gare ta?" Na ce ina so ne kawai. Ta ce in ɗauka, ta gyara zama, ta koma farkon labarin audugar don kada in rasa kansa.

Da na koma aiki, abin da na fara yi shi ne na sa memorin a kwamfuta, na nemo hoton yaron, na kira mataimakiyata ta tsaya a matsayin shaida, na goge. Sannan na je na gaya wa shugaba duk yadda aka yi, har da wannan.

Bai yi faɗa ba. Ya cire hularsa ya ajiye a tebur ya ce, "Kin san wannan shi ne hoton da ya fi kowanne nuna abin da cutar take yi." Na ce na sani. Ya ce, "Kuma kin san in kowa ya zo ya ce a goge nasa, ba za mu rage da komai ba." Na ce wannan ma na sani, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da shi, illa dai Sista ba don mu ta ɗauka ba, kuma matar ba ta taɓa ba mu ba balle a ce ta karɓe. Ya ce in tafi zai yi tunani.

Gidauniyar ta ce ba za ta sa hannu a kayan da yawancinsu a rufe suke ba, ta karkata tallafin zuwa taswirori da jaridu. Shugaba ya yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban ga laifinsa ba, shi ke zuwa gaban manya yana roƙon abin gyaran rufi. Daga baya shi da kansa ya sa aka gyara tsohuwar na'urarmu, muka riƙa ɗaukar hotunan kaɗan-kaɗan in akwai wuta. Ya kuma kawo shawarar da ni ban yi tunaninta ba, cewa a sake wanke kowane hoto a mayar wa mai shi, mu riƙe na asali. Ranar da aka kafa na jikar Gwaggo a allon baranda tare da 'yan kaɗan da aka yarda a buɗe, ya tsaya a gabansa ya daɗe, hannuwansa a baya.

Na koma 'Yargalma da rani na kai musu nasu, na kuma ƙara ɗaukar hira da Gwaggo da wasu tsofaffi biyu da ta tara mini, ɗaya tsohon maƙeri ne. Duza ma na samu na je sau ɗaya, aka yi irin wancan zama, sai dai can mazan ne suka fi yawan magana, kuma kusan duka suka ce a rufe. Ina shirin Bagega hanya ta ɓaci. 'Yan bindiga suka fara tare motoci, direbanmu ya ce ko an kore shi daga aiki ba zai bi ta ba, kuma mijina ya goyi bayansa. Na ce bari a ɗan jira abin ya lafa. Har yau jiran nake.

Gwaggo ta rasu bayan rasuwar Inna da kamar shekara guda. Labarin ya zo mini ta bakin wasu 'yan garin da rashin tsaro ya koro zuwa Gummi, suka kama haya a unguwarmu. Muryoyin Gwaggo da Inna suna nan a sashenmu, suna gardamar sarki da ambaliya. Ɗalibai kan saurara don auduga ko don jin Hausar yankin. Ni ban cika iya saurara ba, sai in na san ba wanda zai shigo ofis.

Sista kan kira ni duk Kirsimeti, ni kuma in kira ta da Sallah. Ƙafafunta sun fara ba ta wahala. Kullum sai ta tambayi na Bagega, in ce suna nan yadda ta ɗaure su, robar ce kawai na canza don ta fara narkewa tana manne wa takarda.

Masu bincike suna zuwa, wasu daga nesa ƙwarai, su ce sun ji muna da hotunan lokacin dalma. Ina nuna musu waɗanda aka buɗe. In suka nemi sauran sai in ce masu su ba su yarda ba, ko kuma ba a tambaye su ba tukuna. Wasu su fahimta, wasu su yi ta kawo hujja, kuma hujjojin nasu ba na banza ba ne. Wata likita ta taɓa ce mini ganin fuskar yaro ɗaya ya fi motsa masu mulki fiye da tulin rahoto, kuma ana nan ana ci gaba da niƙa dutse a wasu garuruwan. Na kwana biyu maganarta na damuna. Ban canza ba, amma ban kuma ce ta yi kuskure ba.

Bana nake barin aiki. Wadda za ta gaje ni yarinya ce mai natsuwa, ta fi ni sanin na'ura nesa ba kusa ba. Makon jiya muna zagaya sashen ina nuna mata abin da ke ina, muka zo kan kabad ɗin ƙarfen da hotunan ke ciki. Na buɗe na nuna mata ambulan na 'Yargalma da na Duza da rubutun fensir a bayansu, sannan na ciro ƙunshin Bagega wanda ba rubutun komai. Ta tambaye ni har yaushe za a bar shi a rufe. Na ce ban sani ba, sai ranar da wani ya iya zuwa ya zauna da matan ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ta tafi ita kaɗai, ta nemi babbar mace ta raka ta.

Ta juya ƙunshin a hannunta ba ta kwance ba. Ta ce mahaifiyarta 'yar Anka ce, kuma tana da kawu mai sayar da atamfa da ke zuwa kasuwar Bagega duk lokacin da hanya ta yi sauƙi, ya san gidaje da yawa a can. Na ce to ta fara da shi.